Masana'antun gishirin Rumawa a gaɓar teku da abin da ya rage daga cikinsu

A zamanin Daular Rum, gishiri ne babbar hanyar adana kifi da nama, don haka hukuma ta sa ido sosai a kan samar da shi. Marubutan tarihin Rumawa sun danganta kafa filayen gishiri na Ostiya, a bakin Kogin Tiber, ga Sarki Ankus Marsiyus, kuma hanyar da ake bi ana kai shi cikin ƙasa ita ce Via Salaria, wato Hanyar Gishiri.

Yanayin kowane yanki ne ya tsara yadda ake aikin. Inda rana ta wadata, akan janyo ruwan teku zuwa jerin kududdufai marasa zurfi, a bar shi ya ƙafe, sannan a kwashe gishirin. A birnin Vigo na ƙasar Sifaniya an gano irin waɗannan kududdufai da aka yi amfani da su daga ƙarni na 1 zuwa na 3 na Miladiyya, kuma a yau an mai da wani ɓangare nasu gidan tarihi mai suna Salinae.

A Birtaniya kuwa, wadda Rumawa suka mamaye a shekara ta 43, rana ba ta isa ba, sai aka dogara da wuta. Akan tara ruwan a ramukan da aka shafe da yumɓu har laka ta kwanta, sannan a tafasa shi cikin kasake a kan murhu. Kasaken na saurin fashewa, don haka tsingaro da toka da ƙonanniyar ƙasa suka taru suka zama jajayen tuddai. An lissafa sama da 300 a gaɓar gundumar Essex, wasunsu ma sun girmi zuwan Rumawa.

Noma da gine-gine da zaizayar gaɓa sun shafe da yawa daga cikinsu. Wasu daga waɗanda suka tsira suna ƙarƙashin dokar kare wuraren tarihi ta 1979, wadda ta haramta tona ko sauya wurin da aka yi wa rajista sai da izinin gwamnati. Sai dai doka ba ta hana teku cin ƙasa, kuma duk tudun da ruwa ya tafi da shi kan tafi da shaidar rayuwar ma'aikatan da littattafan Rumawa ba su cika ambata ba.