Sana'ar hannu a JSS: daga ina aka faro?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu a JSS muka fara riƙe zarto da guduma, amma tarihin abin ya girme mu. Tun 1922 Gwamna Guggisberg ya buɗe makarantun koyon sana'a huɗu, a Kibi da Asuansi da Mampong da Yendi. Sai dai mutanen lokacin sun fi son karatun da zai kai yaro ofis ya zama akawu.

A 1974 gwamnati ta karɓi shawarar kwamitin Dzobo cewa kowane yaro ya taɓa aikin hannu tun yana ƙarami. Aka gwada a makarantu kaɗan. Sai a 1987, zamanin Rawlings, aka shimfiɗa tsarin a Ghana baki ɗaya. Aka soke makarantar midil mai shekara huɗu, aka kawo JSS mai shekara uku, karatun kafin jami'a ya sauko daga shekara 17 zuwa 12. Aka sa kafinta da zanen fasaha da ɗinki da girki da aikin fata da noma a manhaja. Manufar ita ce yaro ya ɗanɗana, ya gane inda hannunsa ya faɗa, in karatu bai ci gaba ba ya sami abin kamawa.

A shekarar nan ta 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Makarantunmu na zango da yawa suka haɗa Arabiyya da Turanci, darussan sana'a suka iske 'ya'yanmu.

To, ina aka sami cikas? An bar wa jama'ar gari gina ɗakunan aiki, wurare da yawa ba su iya ba. Kayan aiki suka yi kaɗan, ƙwararrun malamai ma haka. Yaro ya haddace sunan kwasa, bai taɓa goga katako ba. A 2007, zamanin Kufuor, JSS ta koma JHS, aka haɗe darussan a ƙarƙashin suna ɗaya, BDT. Suna ya canza, ƙarancin kaya yana nan a makarantu da yawa.

Mu kuwa sana'a gadonmu ce. Da fatauci da fawa da dukanci da ɗinki kakanninmu suka kafa zango. Annabi Zakariyya kafinta ne, Annabi Dawuda yana ƙera sulke, yana ci daga aikin hannunsa, amincin Allah ya tabbata gare su. Don haka kada mu ce wa yaro wannan darasin na marasa ƙoƙari ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Teloli da kafintoci da makanikai da ke sahu tare da mu, kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya lokacin hutu, ya sa masa kayan aiki a hannu. Ku kuma ɗalibai, ku riƙe allo, ku riƙe sana'a.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da arziki na halal. Amin.