Dalar Mariya Tereza: shekara ɗaya, bugu iri-iri

Dalar Mariya Tereza kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya da fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa tun kafin mulkin mallaka. Sunan "dala" bai ɓace ba, shi ake kiran sefa 5 da shi a Nijar.

Kusan duk wadda aka samu tana ɗauke da 1780, shekarar rasuwar sarauniyar, amma wannan ba shaidar tsufa ba ce. An ci gaba da buga ta da wannan shekara a Viyana, daga baya kuma a Roma, Landan, Paris da Bombay, kuma hatimin ƙarfen bugu yakan bambanta daga gida zuwa gida.

Shi ya sa masana ke sa madubin ƙara girma. Tsohon bugu yakan rubuta AUST, na baya-bayan nan AVST. Sukan ƙirga lu'ulu'un kambin sarauniya, su duba gashin jelar mikiya.

Kafin duk wannan, sikeli: ta gaskiya nauyinta kusan giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa. Mai sayarwa kada ya goge ta, gogewa na rage mata kuɗi.