Daga Proximus Zuwa Muƙarrabi: Inda Kalmomin Kusanci Suka Dosa

Masu bin salsalar kalmomi sukan ɗauka in an tono tushen kalma an gama da ma'anarta. Kalmomin kusanci sun ƙaryata wannan zato.

A Latin, harshen Rumawa, prope na nufin kusa, proximus kuma mafi kusa. Amma me ya kawo sautin "ks" cikin proximus, alhali uwarta da "p" take? Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne tsohuwar sigar prokwe ce, daga tushen Indo-Turai pro, wato gaba. Prope ta mayar da "kw" zuwa "p", proximus ta riƙe "k" ɗin kakanni. Ashe asalin maganar wuri ce zalla. Amma a Baibul ɗin da Jerome ya fassara zuwa Latin, daga ƙarshen ƙarni na 4, proximus na nufin mutumin da haƙƙinsa ke wuyanka ko ba ku haɗa katanga ba.

Larabci ma yana da nasa tushen, ƙ-r-b, wanda ya yi tarayya da Ibrananci da Akadiyanci. Daga shi Hausa ta aro muƙarrabi, wanda aka jawo kusa. A Alƙur'ani siffa ce ta mala'iku da zaɓaɓɓun bayi. A bakin Bahaushe kuwa fada ta nufa, ta zauna.

A ganina tarihin Daular Usmaniyya na da hannu a nan. Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba ma Wurno ya mayar mazauni, har Baturen matafiyi Barth ya yi zaman baƙunci a garin a 1853. A irin wannan mulki, inda Sarkin Musulmi ya sauka nan hukunci yake, kuma wanda ke iya isa gabansa ya faɗa masa magana a kunne shi ne mai faɗa a ji. Kusancin ƙafa ya zama muƙami.

Shi ya sa manomin ƙauyen Maikujera ba zai kira wanda suke karɓa-karɓar injin ban-ruwa a fadama muƙarrabinsa ba. Dariya ma za a yi masa. Maƙwabcinsa ne, ko ɗan'uwansa. Muƙarrabai sai a labaran rediyo, in gwamna ya zo Rabah ko Goronyo ta'aziyya.