Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa da Lokaci a Tarihin Hanyar Hajji

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan an miƙe. Jirgin zamani yakan cinye wannan nisa cikin sa'a huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai tarihi ya nuna ba ƙarfin inji kaɗai ke yanke tsawon tafiyar ba. Halin da ƙasashen da ke tsakani suke ciki, musamman Sudan, yana da nasa hukuncin.

A zamanin da, mutumin Nasarawan Doya ko na Kudan da ya yi niyyar sauke farali yakan yi wasiyya tukuna, domin tafiya ce ta shekaru. Yakan bi ayari zuwa Kano, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare kogin Nilu, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa a Sawakin ya haye Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare sai ya yada zango, ya yi noma ko ƙodago damina ɗaya ko biyu, kana ya ƙara gaba. Da yawa ba su isa ba, wasu kuwa sun isa amma ba su komo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, garin da ake kira da sunansa. Hausawan Sudan na yau, galibinsu jikokin matafiyan wannan hanya ne.

Abin lura shi ne, jirgin sama da ya zo bai ƙirƙiro sabuwar hanya ba, sawun alhazan ƙasa ya bi. Jiragen sojan Ingila da suka fara sauka Kano a watan Nuwamba 1925 daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan. Haka kuma zirga-zirgar da kamfanin Imperial Airways ya buɗe a 1936 tsakanin Hartum da Kano take. Cikin shekarun 1950 alhazai suka fara komawa jirgin sama, shekaru suka zama sa'o'i. Saurin kuwa bai zo kyauta ba: ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya sake tuna wa jama'a tsohon darasin. Da aka rufe sararin samaniyar ƙasar, tilas jiragen alhazan Nijeriya na wannan shekara suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗin kujera. Manomin ƙasar Makarfi da ya sayar da masara da rake ya biya, rikicin Hartum ya iske shi har cikin aljihu.

Akwai kuma wani ruɗu da ke kama sabon alhaji. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da sa'a biyu, saboda haka wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na safe yakan sauka Jidda wajen ƙarfe biyar na yamma, ya ɗauka sa'a bakwai ya yi a sama, alhali biyar ce.