Yadda Masu Keke Suka Nemi Hanya, Motoci Suka Gaje Ta

Duk safiyar Asabar da Lahadi, muddin ba ƙanƙara ce ta rufe ƙasa ba, a kan ga jerin masu keke suna haye Gadar George Washington daga birnin New York, su ƙetare kogin Hudson, su miƙe arewa zuwa duwatsu da dazuzzukan Bear Mountain da Harriman, tafiyar mil 40 da 'yan kai. Hanyoyin da suke bi ɗin nan ba dominsu aka gina su ba. Amma kuwa masu keke na zamanin kakanninsu ne suka fara tada jijiyar wuya a kan a gyara hanyoyin Amurka, tun mota ba ta zama abin hawan kowa ba.

A wajen shekarar 1880, da zarar mutum ya bar birni a Amurka, to, sai taɓo in an yi ruwa, sai ƙura in an yi rani. Jirgin ƙasa ya riga ya kwashe matafiya, hanyoyin karkara kuwa an bar wa manoma su riƙa yi musu kwaskwarima. A wannan shekara ce masu keke suka kafa ƙungiyarsu mai suna League of American Wheelmen a garin Newport. Keken lokacin nan mai ƙatuwar ƙafar gaba ne, sai samari masu kuɗi da ƙarfin hali ke hawansa. Dawaki kan firgita in sun gan shi, saboda haka hukumar dandalin Central Park ta taƙaita shigarsa. Sai a 1887 majalisar dokokin jihar New York ta zartad da dokar da ta ba keke irin 'yancin da keken doki yake da shi a kan hanya.

Abin da ya juya al'amarin daga Ingila ya fito. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya ƙera keke mai ƙafafu kusan daidai da juna, mai sarƙa, watau irin sifar Raleigh ɗin nan da aka sani a Kano da Katsina. A 1888 kuma Dunlop ya fito da taya mai iska. Nan da nan keke ya zama na malamin makaranta da akawu da mata. A 1894 aka buɗe hanya ta musamman domin kekuna a gefen titin Ocean Parkway na Brooklyn, mil 5 da rabi daga Prospect Park zuwa bakin teku a Coney Island, ita ce ake ɗauka ta farko a ƙasar. Masu gudu suka yi yawa a birni har Theodore Roosevelt, wanda ke shugabancin hukumar 'yan sanda a 1895, ya kafa rukunin 'yan sanda masu keke don su riƙa kamo su.

Ƙungiyar ta yi ƙarfi ƙwarai, a 1898 membobinta sun haura 100,000, kuma 'yan siyasa suna shakkar ƙuri'unsu. Da matsin lambarta gwamnatin tarayya ta buɗe ofishin binciken hanyoyi a 1893, jihar New York kuma ta yi dokar 1898 wadda ta sa baitulmalin jiha ya riƙa taimakawa wajen gina hanyoyin karkara. Sai dai ba a rasa tabo a tarihinta ba, domin a 1894 ta rufe ƙofarta ga baƙar fata. Shekara 2 bayan haka Major Taylor, baƙin Ba'amurke, ya fara tseren neman kuɗi a Madison Square Garden, a 1899 kuwa ya zama zakaran duniya.

To, gina hanya yana bukatar tsakuwa, tsakuwa mai kyau kuwa tana nan daura da birnin, a jikin wani dogon garun dutse da ake kira Palisades, wanda ya bi gaɓar yamma ta kogin Hudson. Kamfanoni suka yi ta fasa shi da nakiya suna sayarwa domin tituna da gine-gine, har mutanen Manhattan suna jin rugugin daga gidajensu. Ƙungiyoyin mata na jihar New Jersey ne suka tsaya kai da fata sai an daina. A 1900 Roosevelt, wanda a lokacin ya zama gwamnan New York, da takwaransa na New Jersey, Foster Voorhees, suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kare Palisades, aka naɗa George W. Perkins shugabanta. Attajirin nan J. P. Morgan ya ba da kuɗin da aka rufe babban wurin fasa dutsen da su.

Can arewa kuma wata barazanar ce ta taso. Gwamnatin jiha ta ƙudura mayar da kurkukun Sing Sing gindin Bear Mountain, har an fara share fili. A 1910 Mary Harriman, matar marigayi attajirin jiragen ƙasa Edward Harriman, ta ba jihar eka 10,000 na daji da dala miliyan 1, bisa sharaɗin a janye maganar kurkuku. Aka janye. Injiniyan hukumar, Manjo William Welch, ya datse rafuka ya yi tafkuna, ya shimfiɗa hanyoyi masu lanƙwasa a tsakaninsu, ciki har da Seven Lakes Drive. Daga 1932 zuwa 1934, lokacin karayar tattalin arziki, aka ɗauki marasa aiki suka sassaƙa hanyar Perkins Memorial Drive har ƙolin dutsen, mai tsawon kusan mita 400.

Duk wannan aiki domin mai mota aka yi shi. Tun kafin nan kasuwar keke ta faɗi warwas, ƙungiyar ta watse cikin 'yan shekaru, motar Ford mai arha ta fito a 1908, keke ya koma abin wasan yara. Waɗanda suka sha wahalar neman hanya mai kyau suka zama baƙi a kanta. 'Yan kulob kaɗan ne suka ci gaba da fita daji, cikinsu har da baƙin haure daga Italiya da Jamus waɗanda suka zo da al'adar tsere daga gida.

Abin mamaki, yawan motocin ne ya sake buɗe wa keke ƙofa. Da cinkoso ya yi yawa, sai aka gina manyan tituna masu faɗi: Thruway a shekarun 1950, da Palisades Interstate Parkway wadda aka kammala a 1958. An hana keke hawansu, amma sun janye masu sauri daga tsofaffin hanyoyi. Henry Hudson Drive, siririyar hanyar da ta bi ƙarƙashin garun dutsen daga wajen Fort Lee zuwa Alpine, ta zama hanyar da masu keke da masu tafiya a ƙasa suke yawan bi. Keke mai giya 10 ya yi farin jini a farkon shekarun 1970, daga baya kuma 'yan birni suka sami damar hawanta, inuwa a sama, kogi a ƙasa, ga hawa mai tsinka numfashi a ƙarshenta.

Ba za a ce ko'ina shiru ne ba. Hanyar 9W da ake bi zuwa garin Nyack tana da motoci, ana kuwa yin haɗari a kanta, mazauna ƙananan garuruwan bakin kogi kuma sun sha kokawa da ayarin kekunan ƙarshen mako. A watan Oktoba, sa'ad da ganyayen itatuwa suka rine ja da rawaya, masu yawon buɗe ido kan cika Bear Mountain maƙil. Amma ranar Talata da sassafe, mai keke kan yi mil da yawa a Seven Lakes Drive bai gamu da kowa ba sai barewa. A 2011 aka fara wata gasa ta shekara-shekara mai suna Gran Fondo New York, wadda ta tashi daga kan Gadar George Washington ta kai ƙolin Bear Mountain ta dawo, mil 100 ke nan. A 2018 kuwa aka hana motoci bin hanyoyin zagayen Central Park, wurin da sai da dokar majalisa keke ya sami cikakken iznin shiga a 1887.