Daga Pahu Zuwa Zango: Tarihin da Ke Bayan Katin Asibitinmu

Wata ranar Laraba muna tsakiyar shirin lafiya a gidan rediyon da nake aiki, wani dattijo ya bugo waya daga Agontinkon. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Ɗana, ina da tambaya. Wannan ƙaramin asibiti da muke kai iyalanmu, wa ke yanke kuɗin magani a cikinsa, kuma wa ke faɗa wa ma'aikatan abin da za su ba mu?" Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni mako guda." Gaskiyar magana ba ni da amsa. Makon nan ya koma watanni, kuma abin da na tono shi ne nake son in raba da mai karatu.

Na fara binciken ne daga ɗakin mahaifiyata. A cikin adakarta akwai katin rigakafina, ya yi jawur don tsufa, an bubbuga masa hatimi. Na tambaye ta katin yayana wanda ban taɓa gani ba. Ta ce, "Shi ai ba shi da kati. Ƙyanda ce ta ɗauke shi yana shekara biyu." Tsakanin haihuwarsa da tawa shekaru ƙalilan ne, amma a cikinsu ne kiwon lafiya a Jamhuriyar Benin ya sauya kama.

Tsarin da Faransa ta bar wa ƙasar a 1960, lokacin ana kiranta Dahome, tsari ne na birni. Babban asibiti a Kwatano, wani a Porto-Novo, likitoci 'yan kaɗan, su ma galibi a bakin teku. Mutumin ƙauye kuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa a ɗauko shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna sukar wannan tsari ɗan ƙasar nan ne, Dakta Alfred Comlan Quenum, haifaffen Wida. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da nahiyar, a Barazabil, daga 1965 har rasuwarsa a 1984. A zamaninsa ne, cikin Satumban 1978, ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince a mayar da hankali ga kiwon lafiya a matakin farko: rigakafi, awon ciki, ruwa mai tsabta, abinci mai gina jiki da magunguna na yau da kullum, kusa da inda mutane suke zaune.

Sai dai alkawari a bakin taro daban, cika shi daban. Shekarun 1980 sun zo wa gwamnatin Mathieu Kérékou da talauci. Baitulmali ya bushe, bankunan gwamnati suka durƙushe, har ta kai a 1989 ma'aikata suna yin watanni ba albashi. A takarda magani kyauta ne, amma in ka je asibiti kantar wayam take. Sai a rubuta maka takarda ka nufi kantin magani mai tsada, ko ka gangara kasuwar Dantokpa ka sayi abin da Allah ya haɗa ka da shi.

A cikin wannan hali ne wasu likitoci na Jami'ar Benin suka yi abin da ba a saba gani ba. A farkon shekarun 1980, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Eusèbe Alihonou, ƙwararren likitan mata da haihuwa, suka buɗe aikin gwaji a Pahu, wani gari a kan hanyar Kwatano zuwa Wida. Sun san ba za a taɓa samun likitan da zai zauna a kowane ƙauye ba. Don haka suka zama masu ba da shawara, suka zuba iliminsu a hannun nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauye.

Ga yadda abin yake tafiya. Suka tsara wasu takardu na tambaya da amsa mataki-mataki. Yaro ya zo da zazzaɓi: yana tari? Numfashinsa na sauri? Wuyansa ya sandare? Kowace amsa tana kai ma'aikaci ga tambaya ta gaba, har ta tsaya a kan magani guda, ko kuma ta ce a garzaya da shi babban asibiti. Suka taƙaita magunguna zuwa gajeren jeri na waɗanda ba makawa sai da su, ana sayo su da sunansu na asali ba da sunan kamfani ba, abin da ya karya farashi ƙwarai. Majinyaci ya biya kuɗi kaɗan, kuɗin ya zauna a asibitin maimakon ya tafi baitulmali, da shi a sake sayo magani, a sa kananzir a firjin alluran rigakafi, a zuba mai a babur ɗin da ke zagaya ƙauyuka. Asusun kuma ba a bar shi a hannun ma'aikata kaɗai ba, an kafa kwamitin mutanen gari su riƙa sa ido. Bayan kowane wata shida a zauna a yi lissafi: mata nawa suka zo awo, yara nawa suka kammala allura, ina aka samu cikas.

A Satumban 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako. James Grant, shugaban UNICEF na lokacin, ya gabatar musu da shawara mai wannan ruhi, suka amince, aka sa mata suna Shirin Bamako. Sunan na Mali ne, amma Benin da Gini ne suka yi gaba wajen aiwatar da shi a ƙasa baki ɗaya, kuma darasin Pahu na cikin tubalan ginin. A daidai wannan zamani, a maƙwabciyarmu Najeriya, wani likitan yara, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, yana ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ma yana tura aikin lafiya zuwa ƙananan hukumomi. Katin da ke cikin adakar Inna ɗan wannan zamani ne.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Tun farko masu suka sun ce wanda ba shi da ko sisi fa? An ce kwamiti zai yafe wa matalauta, sai dai asibitin da ke rayuwa da cinikin magani ba ya son yawan yafiya. Wani wurin ma ma'aikaci kan cika takarda da magunguna don asusu ya yi nauyi, abin da takardun likitocin suka zo hanawa ke nan. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Daga baya aka raba ƙasar zuwa yankunan lafiya 34, kowanne da likita mai kula da ƙananan asibitocin da ke ƙarƙashinsa. Gwamnati kuma ta fara janye kuɗi daga wasu ayyuka: a 2009, zamanin Yayi Boni, aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2011 aka ƙara da maganin zazzaɓin cizon sauro ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Duk da haka talaka bai daina neman mai araha ba, shi ya sa kasuwar magani ta Adjegunle a Dantokpa ta ci gaba da ci har 2017 da hukuma ta rushe ta.

Da na kai wa Baba Alhaji wannan bayani a iska, sai ya ce, "To ɗana, a kwamitin nan akwai namu?" Nan ma na yi shiru. Na je na tambaya a asibitin da iyalina ke zuwa, aka nuna mini sunayen 'yan kwamiti a bango. Ban ga sunan kowa daga layinmu ba, alhali matanmu ne ke cika bencin awo. Uzurinmu sananne ne: taron da Faransanci da Fon ake yi, mu kuma muna kasuwa, wasunmu ma har yau suna ɗaukar kansu baƙi a garin da aka binne kakanninsu. Amma mu da ke iya haɗa kuɗin gina masallaci da na kai gawa gida, ba za mu rasa mutum biyu masu jin harshe da za su zauna a taron wata-wata ba.

Likitocin Pahu sun tsara abin ne a kan duwatsun murhu uku: likita mai ba da shawara, ma'aikaci mai aiki da ita, da jama'a masu tsaron asusu. Likita ya san yawan ƙwayar da za a ba yaro, amma bai san dalilin da ya sa matar Zango ke jira sai mijinta ya dawo daga Malanbil kafin ta kai yaron asibiti ba, sai in an faɗa masa. Wurin faɗar kuwa shi ne kwamitin.

Na roƙi Inna ta ba ni katin nan, ta hana, ta ce in kawo na 'ya'yana ta haɗa su wuri guda. Na kai mata. Baba Alhaji kuma ya ce zai ta da maganar a masallaci bayan sallar Juma'a, ni ma na yi masa alkawarin sanar da ranar zaɓen kwamiti a rediyo da zarar an sa ta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.