Ɗaure Doki da Igiya Biyu: Amfaninsa da Yadda Ake Sabar Masa

Ɗaurin igiya biyu shi ne a tsayar da doki tsakanin turaku biyu ko bango biyu, a maƙala igiya ɗaya a gefen dama na ragama, ɗaya a hagu. An fi yin sa a bargogin Amurka da Turai. A wajenmu an fi sabawa da turke, da talala, da dabaibayi, don haka dokin da ya girma a turke bai san wannan ɗauri ba, sai an koya masa.

Yaushe yake da amfani?

Ɗauri ne na aiki, ba na kwana ba. Yana taimakawa wajen wanka, gyaran kofato, ɗaura sirdi da wanke ciwo, domin dokin ba zai juyo ya cije ka ba, kuma kana iya zagaya shi ta kowane gefe. Idan dokinka yana tsayawa lafiya a turke, ba dole ba ne. Amma ƙungiyar da ke tara dawakai wuri ɗaya don duba lafiyarsu za ta ji daɗinsa.

Haɗarinsa

Doki dabba ce mai gudu idan ta firgita. In ya ji an riƙe kansa ta gefe biyu, yakan ja baya da ƙarfi, ya yi tsaye da ƙafafun baya, har ya kife ya ji ciwo a ƙeya ko wuya. Saboda haka kada a fara da dukushin da bai san ragama ba, ko dokin da ya saba tsinke igiya.

Shirya wurin

A ɗaura igiyoyin daidai tsayin kafaɗar dokin ko sama kaɗan. Tsawonsu ya zama in ka jawo bakunansu tsakiya, da ƙyar za su haɗu. Tsakanin igiya da turke a sa ɗan siririn zare wanda zai tsinke in ya fizga. A ragama ake ɗaurawa, ba a linzami ba, don linzami zai yaga masa baki. Ƙasa kada ta yi santsi, kuma ya fi kyau a samu bango a bayansa.

Matakan koyarwa

1. Fara koya masa bin igiya: ka ja kaɗan, da ya matso ko ya sunkuyar da kai, ka saki nan take.
2. Tsayar da shi a wurin ba ɗauri, kana shafa shi, har ya saki jiki.
3. Ɗaura gefe ɗaya, ka riƙe ɗayan a hannu.
4. In ya natsu kwanaki a jere, ɗaura duka biyun na kamar minti 5, ka riƙa ƙarawa a hankali.
5. Kwance shi yana cikin natsuwa, ba yana fizge-fizge ba, don kada ya koyi cewa tsiya ce ke kwance shi.

Abin kiyayewa

Kada ka bar shi shi kaɗai, ko da na ɗan shiga gida ne. Kada ya daɗe a haka, domin doki na buƙatar sauke kai ƙasa don ya ci, ya sha, majinar hancinsa kuma ta fita. In ya firgita, ka kauce daga gabansa, ban da duka, ban da tsawa. Ya huce, ka koma matakin baya. Gaggawa a nan, wuyan doki take ci.